Yadda Ake Neman Tarihin Kakanni a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna

Wanda ya shiga gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon a Kaduna ya ce wa ma'aikaci "ina neman kakana Malam Audu," zai fito hannu rabbana. Ba rowa aka yi masa ba. Takardun gidan ba da sunayen mutane aka jera su ba, an jera su ne bisa ofishin da ya rubuta su: ofishin Razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardi kaza, ofishin Di'o da ke ƙarƙashinsa, sakatariyar Arewa. Saboda haka tambayar da za ka riƙo ita ce: a ina kakana ya taɓa gamuwa da hukuma, a wane lardi, a wace shekara? Idan ya yi sarauta, ko aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ko soja, ko ya shiga makarantar boko, ko rikicin gona ko na gado ya kai shi gaban Bature, akwai alamar samun sa. Idan kuwa manomi ne da ya biya harajinsa ya koma gida, da wuya ka ga sunansa. Amma za ka ga garinsu, da dagacin lokacinsa, da abin da ake nomawa, da shekarar da yunwa ta watsa mutane. Wannan ma ba ƙaramar riba ba ce.

Masanin tarihi Kenneth Dike ne ya assasa hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa a 1954, kuma manyan rumbunanta uku ne: Ibadan, Enugu da Kaduna. Na Kaduna shi ke riƙe da takardun mulkin Arewa tun daga zamanin Turawa har zuwa lokacin da aka raba Jihar Arewa a 1967, tare da tsofaffin jaridu da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Dokar 1992 da ke tafiyar da hukumar ta buɗe wa jama'a takardun gwamnati da suka kai shekara 25, don haka duk abin da ya shafi zamanin kakanni ya daɗe da wuce wannan wa'adi.

Aikin yana farawa ne daga ɗakin goggo

Rabin binciken a gida ake yin sa, kafin ka biya kuɗin mota. Ka zauna da dattawan gidanku ɗaya bayan ɗaya, kada ka tara su wuri guda, domin idan babban yaya ya faɗi magana ƙanensa ba zai musa masa a gabanka ba, ko da ya san ba haka aka yi ba. Tsofaffin mata sun fi riƙe salsala, musamman ta ɓangaren uwa da auratayya. Sai dai ka tuna da alkunya: tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na surukinta ba, za ta ce maka "Malam" ko "mai gidan nan." Ka nemi wata ta faɗa maka sunan.

Game da kowane mutum, ka fito da sunan yanka da laƙabi duka biyu, domin wanda gida ya sani da Tanko ko Jatau yana iya zama Muhammadu a takarda, ko akasin haka. Ka nemi sunan mahaifinsa, da sarauta ko sana'arsa, da garin da ya zauna, da kuma abin da ya fi komai muhimmanci: ƙasar wane hakimi ce a lokacin.

Dattawa ba sa ba da shekara da lamba, da abin da ya faru suke auna ta. Kai ne za ka mayar da ita lamba. Idan aka ce "shekarar da Nasara suka ci Kano," 1903 ke nan. Isowar jirgin ƙasa Kano 1911. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. Zamanin Sarkin Kano Abbas daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. Sarkin Katsina Dikko ya rasu a 1944. An naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1938. Zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna 1956. Da zarar tsohuwa ta ce "ina goyon babanka Sarki Dikko ya rasu," ka sami shekara wadda ba za ta kauce da fiye da biyu ba.

Sannan ka roƙi a buɗe maka tsohuwar adaka da gafaka. Malamai kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ranar rasuwar iyaye a gefen Alƙur'ani ko a bangon wani littafi, da shekarar Hijira. Hanyar juyawa mai sauƙi ce: ka raba shekarar Hijira da 33, ka cire abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1350: rabawa ta ba da kusan 41, cirewa ta bar 1309, ƙari ya ba da 1931. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya. Idan ka ci sa'ar samun takardar sallama daga soja, ko rasiɗin haraji, ko takardar naɗi, ka ɗauki hotonta ka bar ta asali a gida. Lambar soja ita kaɗai ta fi labarin baki na awa biyu amfani.

Ka mayar da garinku lardinsa na da

A nan mutane da yawa ke ɓata kwanaki. Jihohin yau ba su da fayil a takardun Turawa. Babu Jigawa, babu Zamfara, babu Kebbi, babu Yobe. Lardi ake nema, kuma kowane lardi da alamarsa a kundin gidan. Na Kano KANOPROF, wanda ya haɗa da Haɗeja, Gumel da Kazaure. Na Sakkwato SOKPROF, a ciki har da Gwandu, Argungu da garuruwan Zamfara. Na Zariya ZARPROF, na Katsina KATPROF, na Bauci BAUPROF har da Gwambe, na Barno MAIPROF, na Adamawa YOLAPROF, na Filato JOSPROF, na Neja MINPROF.

Iyakokin lardunan ma ba su zauna wuri guda ba. Katsina tana ƙarƙashin lardin Kano har 1926, aka mayar da ita Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kansa. Wanda kakansa ya yi dagaci a ƙasar Katsina daga 1920 zuwa 1940 dole ya duba kundi uku. Lardin Filato ma a 1926 aka kafa shi, don haka labarin 'yan haƙar kuza na kafin wannan shekara a fayilolin Bauci za ka fara lalube. Katagum ita ma ta zauna a ƙarƙashin Kano kafin a haɗa ta da Bauci.

Akwai kuma SNP, wato takardun babbar sakatariyar lardunan Arewa, wadda ta zauna a Zungeru kafin ta dawo Kaduna a 1917. Duk maganar da ta fi ƙarfin Razdan can take ƙarewa: naɗi da tuɓe manyan hakimai, hukuncin kisa, rahoton shekara na kowane lardi. Amfanin wannan shi ne sau da yawa takarda ɗaya tana da kwafi biyu, ɗaya a lardi ɗaya a sakatariya. Idan gara ta ci na lardi, ka nemi na SNP.

Guzuri da ranar farko

Gidan ofishin gwamnati ne, Litinin zuwa Juma'a yake aiki, ban da ranakun hutu. Ka shirya kwana uku zuwa biyar, kada ka sa ran gamawa a yini ɗaya, kuma kada ka fara ranar Juma'a domin yinin gajere ne. Ka iso da hantsi.

Ka tafi da katin shaida, da ƙananan hotunanka biyu, da gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban gidan wadda ta faɗi sunanka da abin da kake bincike. Ɗalibi ya karɓo wasiƙar makarantarsa. A wasiƙar kada ka rubuta "tarihin gidanmu" ka tsaya. Ka ce, misali, tarihin gundumar Gaya daga 1910 zuwa 1950, musamman dagatai da ma'aikatan haraji. Wannan ne zai sa ma'aikaci ya san kundin da zai miƙo maka. Ana biyan kuɗin rajista, ana kuma biyan na ɗaukar hoto ko kwafi. Farashin yana canjawa, don haka ka tambaya tun da farko, har da ko lissafin na kowane shafi ne ko na kowane fayil, ka kuma karɓi rasiɗi.

Sauran guzurin: fensir biyu ko uku, domin biro na iya ɓata takarda har abada, littafin rubutu mai kauri, waya mai isasshen wuri, tunda hoton shafi 300 yana iya cin kusan giga ɗaya, na'urar ajiye caji saboda ɗauke wuta, da takunkumi, domin ƙurar takardar da ta shekara ɗari tana tayar da mura da asma. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya tafi da mai karanta masa, haka wanda ba ya karanta Larabci ko ajami.

Ka gaida ma'aikatan ɗakin bincike gaisuwa ta mutunci, ka yi musu bayani a natse. Wanda ya shekara ashirin yana ɗauko fayiloli ya san abin da ba a rubuta a kowane kundi ba.

Kundin jerin fayiloli

Ba za a kai ka rumbu ba. Za a ba ka kundin jeri, wanda yawanci da tsohuwar tafireta aka buga shi, kowane layi da lambar fayil, da takensa, da shekarunsa. Yinin farko kusan duk a kan wannan kundi zai ƙare, kuma ba asarar lokaci ba ce. Ka bi shi layi-layi, kana kwafe duk lambar da ta ambaci gundumarku, ko sarautar hakiminku, ko irin aikin kakanka. Ka kwafe lambar daidai yadda take, da duk wata karan-tsaye da harafi, domin kuskuren lamba ɗaya zai kawo maka fayil ɗin rigakafin shanu maimakon na naɗin dagaci.

Daga nan ka cike takardar neman fayil, kowane fayil da tasa. Ba a ba mutum tuli a lokaci guda, kuma ɗaukowa na ɗaukar lokaci, saboda haka ka miƙa sabuwar buƙata tun kana karanta na hannunka.

Ga irin fayilolin da suka fi ba mai neman asali abin da yake so. Na gaba duka shi ne wanda aka rubuta wa District Notebook, littafin gunduma, inda Di'o bayan Di'o ke rubuta tarihin gari, da jerin hakimai da dagatai, da ƙabilun da ke zaune, da kasuwanni. Sai Assessment Report, rahoton ƙiyasin haraji, wanda Bature ke rubutawa bayan ya yi makonni yana rangadi ƙauye-ƙauye. A cikinsa ake samun labarin kafuwar gari, wa ya sari daji, daga ina ya taso, wani lokaci har da zanen salsalar gidan sarauta da taswirar hannu. Akwai na farko da na sake ƙiyasi bayan wasu shekaru, ka nemi duka, domin bambancin da ke tsakaninsu shi ke nuna wanda ya hau da wanda ya sauka. Bayan waɗannan sai rahotannin rangadi, da fayilolin naɗi da tuɓewa, da jerin ma'aikatan En'e da albashinsu, tun daga ma'aji da alƙali har malamin jangali da ɗan doka. Albashin da fam da sule da kwabo yake: sule 20 ke fam ɗaya, kwabo 12 ke sule ɗaya.

Wanda kakansa ya yi boko ya duba fayilolin makarantu. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano ta fara a 1909, Kwalejin Katsina a 1921, kuma a jerin ɗalibai akan rubuta sunan uba da muƙaminsa. Wanda aka ce kakansa ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba ya duba fayilolin alhazai a SNP da MAIPROF, tunda ta Maiduguri hanyar ta bi zuwa Cadi da Sudan. Tsofaffin jaridu ma suna da amfani, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, saboda labaran naɗi da ta'aziyya da wasiƙun masu karatu.

Abin da ba za ka samu ba shi ne rajistar haihuwa ta mutanen karkara, ko ƙidaya mai sunan kowane mai gida. Alƙaluman ƙidaya jimilla ce: maza kaza, mata kaza, shanu kaza.

Yadda Bature ya ji sunan

Idan ka nemi suna da rubutun yau, za ka wuce ta kansa ba ka gane shi ba. Babu ƙ, ɗ, ɓ a tsofaffin takardu, kuma kowane Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Gwandu za ka gan ta Gando, Katsina Katsena, Haɗeja Hadeija, Barno Bornu, Gumel Gummel. Muhammadu na iya fitowa Mamadu, Mohamadu, Momadu ko Mamman a fayil guda. Sarkin ya zama Sarikin ko Serikin, Ciroma Chiroma, Yarima Yerima. Dabarar ita ce ka karanta a bayyane a hankali, kunnenka zai kama abin da idonka ya kasa.

Na biyu, da sarauta ake kiran mutum, ba da suna ba. Fayil zai yi shafi talatin yana cewa "Sarkin Bai" ko "Madaki" bai ambaci sunan yanka ko sau ɗaya ba, har gundumar ma a wasu shekarun da sarautar hakiminta ake kiran ta. Dole ka haɗa jerin waɗanda suka riƙe sarautar da shekarunsu, in ba haka ba za ka jingina wa kakanka aikin wanda ya gada, ko laifin wanda ya gaje shi.

Fayil a gabanka

Za a ajiye maka shi da bangonsa mai launin ƙasa, an ɗaure da igiya, gefen takardun ya yi ja yana marmashewa, tsohuwar allurar maƙala takarda ta bar zoben tsatsa a kusurwa. Wasu shafukan kwafin kabon ne a kan takarda mai shara-shara, shuɗin ya dushe. Ka kwantar da shi a kan tebur, kada ka ɗaga. Ka juya shafi daga tsakiyar gefensa da busasshen hannu, ba daga kusurwa ba, kuma kada ka lashi yatsa. Kada ka cire allura, kada ka gyara jerin takardu ko da ka ga kamar an hargitsa, ka nuna wa ma'aikaci.

Ka fara duba kwanan watan takardar farko da ta ƙarshe don ka gane ta ina labarin ya faro. Kada ka tsallake guntayen bayanan hannu da jami'ai ke yi wa juna a gefe ko a shafukan farko. Wasiƙar da aka buga tana faɗin abin da aka yanke, rubutun hannun ne ke faɗin dalili. A tsakiyar fayil kuma kana iya cin karo da wasiƙar sarki ko koken talaka da Larabci ko ajami, da hatimi a kanta, da fassarar Turanci a manne. Ka ɗauki duka biyun, domin fassarar takan taƙaita, ta zubar da sunayen iyaye da shaidu, waɗanda su ne kake nema.

Wajen ɗaukar hoto, ka fara da bangon fayil yadda lambarsa za ta fito, sannan shafuka a jere, ba tare da walƙiyar kyamara ba. Duk wanda ya yi sakaci da wannan zai koma gida da hoto ɗari biyar bai san wanne ya fito daga ina ba. A littafinka ka rubuta NAK, wato taƙaitaccen sunan gidan na Kaduna, da kundi, da lambar fayil, da take, da shekara, da shafi. Ka rubuta har fayilolin da ka duba ba ka sami komai ba, don kada ka sake neman su jibi. Kowane dare ka tura hotunan wani wuri daban.

Inda ake tuntuɓe

Za a dawo maka da wata takardar buƙata a ce ba a ga fayil ba. Wani lokaci ya lalace ne, wani lokaci an mayar da shi gurbin da ba nasa ba, ko yana hannun wani mai bincike. Ka sake nema bayan kwana biyu, ka kuma nemi fayilolin da ke gaba da bayansa a lamba, sannan ka koma SNP.

Babban tarko shi ne takwara. Audu Kano sun fi a ƙirga, musamman a soja inda sunan gari ke zama sunan uba. Kada ka ce wannan ne naka sai abu uku sun dace: suna, wuri da zamani, in son samu ne har sunan mahaifi.

Kuma kada tsufan takarda ya sa ka ɗauke ta kamar yankan wuƙa. Bature ta bakin tafinta ya ji labarin, kuma wanda ke kan gadon sarauta a ranar ne ya ba da salsalar. Ba mamaki ya tsallake gidan da suke takara da shi. Idan takarda ta saɓa wa abin da goggo ta faɗa, ka rubuta duka biyun, kowanne da inda ka samo shi.

Akwai kuma abin da ba a so a ji. Fayil na iya nuna an tuɓe kakanka ne kan kuɗin haraji, alhali a gida an ce murabus ya yi. Ko ka ga sunan wata kaka a rajistar bayin da aka 'yanta, domin bayan shelar Turawa ta 1901 kan bauta kotunan alƙalai sun yi ta ba da takardun fansa ana aika jerin sunaye ga Razdan, kuma sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Irin wannan ba a jefa shi a zauren WhatsApp na dangi. A fara kai wa babba ɗaya mai hankali.

Idan Kaduna ta ƙare

Kafin ka bar garin ka leƙa Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai takardu da rubuce-rubucen hannu da kundayen digiri a kan gundumomi da yawa. Takardun En'e na cikin gida da na kotunan alƙalai sun fi zama a jihohi, kamar hukumar tarihi da al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Lambobin da ka kwaso daga Kaduna, da sunayen hakimai da shekarunsu, su ne za su buɗe maka waɗannan.

Wanda asalinsa ya ƙetara zuwa Maraɗi, Damagaram ko Ƙonni, takardunsa da Faransanci suke a gidan adana takardu na ƙasa a Yamai, wasu kuma a Dakar, hedikwatar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma. Zuriyar fataken goro da suka zauna a zangunan Gana su nufi gidajen adana takardu na Akara, Kumasi da Tamale. Idan kuwa kakan ya tafi yaƙin Bama ne da runduna ta 81 ko ta 82 bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta sa sunayen mamatan a intanet kyauta, da lambar soja da ranar rasuwa. Ka gwada da sunansa haɗe da sunan garinsu, a duk rubutun da Bature zai iya yi masa.